Ƙusa Bakwai

Ƙanƙara ce ta kayar da ni
a Sheffield, bakin garejin bas,
da asuba, ina saurin in karɓi mota.
Na ji ƙas! kamar an karya karan dawa,
na duba, ƙafata na kallon inda ban nufa ba.

Da na farka, likita Pritchard ta ɗaga hoton ƙashi,
tana nuna mini da bakin biro:
ga ɗan siririn ƙarfe kwance,
ga ƙusoshi masu murɗi, shida a jere kamar haƙoran mataji,
ta bakwai doguwa, ta ratsa a karkace.
Na ce, ashe ke kafinta ce.
Ta ce, har sukundireba gare ni.

Kakana Nagoma maɗori ne a Malumfashi.
Kara, tsumma, man shanu da tofi.
Ya ja, ka kurma ihu, ya ce saura kaɗan,
alhali ko farawa bai yi ba.
Bai taɓa ganin cikin ƙafar da ya ɗora ba,
yatsunsa ne idanunsa.
Da zai ga hoton nan, da cewa zai yi,
wa ya mai da mini jika ƙyauren ɗaki?

Nusaiba ta ɓamɓaro maganaɗisu daga jikin firji,
ta manna a idon sawuna, ya zame ya faɗi.
Ta ce, Baba, ƙarfenka na ƙarya ne.
Na bar ta. Ba ita yake tasa cikin dare ba
in sanyi zai sauko daga tuddai,
tun kafin rediyo ya sani.

Wata uku ina salla a kan kujera,
ina kallon darduma kamar garin da na baro.
Ran da goshina ya koma ƙasa
na kasa kunne can ƙasa da gwiwa.
Sun riƙe. Ba wadda ta ce uffan.

An ce ba sai an cire su ba.
To, tare za mu ke nan.
Likkafani ya ruɓe, ƙashi ya koma turɓaya,
su bakwai su saura a rami, ko tsatsa babu,
ba kuma abin da za su riƙe.

Kafin nan dai, Litinin zan koma aiki.
Mutum saba'in a bayana, ga gangara,
kuma ƙafar nan ce mai taka birki.