Kalma Ɗaya a Shafi na Sha Tara

Kwana huɗu ke nan muna zaune a Geneva
a kan kalma ɗaya.
Dogon tebur, ƙananan tutoci,
kwalaben ruwa da ba wanda ya shanye.
Jimlar tana allon bango tana jiranmu:
"Ya kamata shugabanni su saurari ma'aikaci
kafin a sauya inji ko tsarin aiki."
Ni Ximena Painemal, 'yar garin Calama,
na ɗaga hannu karo na bakwai:
a goge "ya kamata", a rubuta "dole".

Hallvard ya dube ni ta saman tabarau,
dattijon kirki daga ƙasar ƙanƙara.
Ya ce, "Dole tana da tsada, 'yar'uwa.
Ƙananan masana'antu za su guje wa takardar,
ƙa'idar da ba mai ɗauka kuwa
ado ce kawai a bangon ofis."
Bai yi ƙarya ba. Na san lissafinsa.

Ni ma ina da nawa.
Shekara ashirin da shida babana Evaristo
yana gangarawa ramin jan ƙarfe kafin rana ta fito.
Sau uku ya ce bututun feshin ruwa ya toshe,
garin dutse na shiga har tsakanin haƙora.
Sau uku shugaban sashe ya dafa kafaɗarsa:
"Ya kamata a duba. Lallai ya kamata."
Ya kamata bai taɓa kwance bututu ba.
Ya kamata bai san hanyar shagon takunkumi ba.
Yau daga gado zuwa bakin ƙofa
tafiyar yini ce ga huhun babana,
tulun iska a gefensa yana huci dare da rana.

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.
Kunnen wa?
Jikin wa?

Ban faɗi wannan a zauren ba.
A nan da sakin layi ake magana,
kowa da jan biro, kowa da ƙasarsa a aljihu,
masu fassara a bayan gilashi
suna ɗaukar fushinmu suna sauke shi a sanyaye.

Sai Mofizul, wanda tun Litinin bai ce uffan ba,
ya buɗe jaka ya ajiye kwaɗo a kan tebur,
baƙi ƙirin, wuta ta lanƙwasa hancinsa.
Ya ce, "Daga ƙofar matakala na ciro shi,
a wani gidan ɗinki, hawa na shida.
A littafin kamfanin an rubuta
ya kamata ƙofar ta zauna a buɗe."
Ya koma ya zauna.
Har ƙarar na'urar ɗumama ɗaki muka riƙa ji.

Da yamma aka ƙirga hannuwa.
"Dole" ta shiga shafi na sha tara,
amma ba ita kaɗai ba:
Hallvard ya samu ɗan bayani a ƙasan shafi,
"gwargwadon girman wurin aiki."
Na yarda. Shi ma ya yarda.
Ba wanda ya fita da dukan abin da ya zo nema.
Saura daftari biyu, da ƙuri'ar ƙasashe,
da fassara, da bugawa,
da mai binciken da zai hau mota ya tsallaka hamada
wata rana, in kasafi ya kai.

Na kira gida daga bakin tafki.
Na ce, "Baba, mun ci kalmar."
Ya ja numfashi mai tsawo, irin na rijiya mai zurfi,
ya ce, "Wa zai karanta wa yaran da ke aikin dare?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya yi tari. Na jira ya gama.
Ya ce, "To, ki taho min da cakulan.
Ba ya kamata na ce ba.
Dole."