Ƙarfe da Gawayi

Shekara goma sha tara ina wanke mata kwalabe,
ni Mantau, da ban wuce aji shida a lakwal ba.
Yau ta aje aiki. An yi taro, an zuba jawabai da Faransanci.
Ga nawa, da harshen da take faɗa da shi in ranta ya ɓaci.

Tsahara ɗiyar Nomau maƙeri, ta unguwar Bagalam.
Tun ba ta kai tsawon uwar maƙera ba take jan zugazugi,
tana kallon ƙarfe ya kwanta cikin gawayi
ya tashi da wani hali.
"Baba ya san suna shiri," in ji ta,
"bai dai san yadda suke gaisawa ba.
Ni gaisuwar na tafi nema."

Ta tafi ƙasar sanyi, ta dawo da takarda da tari.
Aka ba ta ɗakin da tagarsa ba ta rufuwa,
alhali abin da take haɗawa ba ya ga maciji da iska:
ko numfashi ya taɓa shi sai ya yi baƙi, ya mutu.
Tukunyar gas sai ta yi wata a hanyar Ɗan Isa.
Wuta ta ɗauke, injin ya yi shiru,
mu tsaya da tocila a baki kamar masu gadin gawa.

Wata rana ta nuna mini gari launin ruwan goro.
Ta ce, "Faifai biyu ne kife da juna,
da ƙwayar ƙarfe guda a tsakani.
Ba ni na gano shi ba, ya girme ni.
Ni dai aiki nake koya masa."
Na ce wane aiki?
Ta ce dillanci: ya haɗa biyun da ba sa jituwa,
ya fito bai ragu ba, bai karɓi la'ada ba.
Masu kuɗi da ƙarfen da ya fi zinariya tsada suke yi,
ita ta ce sai da na ƙusa da galma.

Ban manta kwalba ta ɗari biyu da sha huɗu ba.
Na ga dauɗa a gindinta, na sa soso da sabulu.
Aikin wata uku ya bi magudana.
Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.
Ran na uku ta zo da alli,
ta zaunar da ni gaban jadawalin da ke bango,
gida gida, kamar mai nuna wa baƙo dangi.
Har yau a gida na ashirin da shida nake sauka.

Majema kuwa ba su karanta muƙalarta ko ɗaya ba.
Sun dai san koren ruwan da ke fita daga fatun jar akuya
ya daina gangarawa gulbi da launinsa,
tun da ta jera musu randuna uku da yumɓu da tsatsa.
Sarkinsu ya aiko mata da buzu. A kansa take salla.

Ɗalibanta sun watsu kamar irin da iska ta kwasa:
Hashiru na Arlit, Baraka na Damagaram,
Indo na koyarwa a Yamai, har da tarin ta ɗauko.
Sukan bugo waya su ce, "Yaya Malama?"
sannan su ce, "Yaya tagar?"

Ɗazu da ta miƙa mabuɗi ta ce da ni,
"Kada ka yarda da kwalba don ta yi kama da mai tsabta."
Na ɗaga ɗaya ga hasken la'asar.
Akwai saura a gindinta.
Ban wanke ba. Na rubuta lamba.