Tumatir Biyar

Likita ya faɗi sunan cutar sau biyu,
na rubuta a bayan tikitin bas, har yau ban iya furta shi ba.
Abin da na gane kawai:
fatar Amparo ba ta jure runguma.

Ni da ke sauke buhuna a tashar jirgin ruwan Valparaíso,
tafin hannuna duk kanta, kamar bayan kada,
wata uku ban taɓa 'yata ba.
Sai in tsaya bakin ƙofa
kamar baƙon da ya zo dubiya.

Ran nan Herminda ta hawo matakalar unguwarmu,
ɗari da arba'in, tana haki, da leda a hannu.
Ba ta ce sannu ba.
Ta ce, "Yanke farce. Wanke hannu. Zauna."
Ta miƙo min nunannen tumatir da bandeji:
"Naɗe shi."
Na fasa na farko. Na fasa na biyu.
Ta ci gaba da shan shayinta.
Na huɗu ya tsira.

"Juya mata riga, ɗinki ya koma waje.
Kada ka ɗauke ta ta hammata,
hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a mazaunai.
Bororo kuwa, huda shi tun yana ƙwayar gero,
in ka ji tausayinsa, zai cinye mata cinya."

Ba a littafi ta samo ba.
Shekara goma sha tara tana biyan kuɗin karatun
da barcinta.

Wani dare, ƙarfe uku, bayan wanka ya zama yaƙi,
na kira ta, na rasa abin faɗa.
Ina jin numfashinta, tana jin nawa,
can ƙasa jirgi yana kuka a kan teku.
Na ce, "Zai wuce?"
Ta ce, "A'a."
Duk duniya ita ce ba ta yi min ƙarya ba.
Ta ce, "Baltasar nawa yatsunsa sun haɗe,
da madauri yake riƙe alƙalami,
kuma jiya mun yi faɗa a kan budurwa.
Je ka kwanta, gobe akwai wani wankan."

Na yi dariya har da majina.

Yanzu Amparo ta shekara shida.
Ita ke zaɓar launin bandejin sama,
tana gyara min in na yi gaggawa:
"Baba, a hankali, ba buhu ba ne."

Shekaranjiya Herminda ta aiko min lamba.
Wani Nibaldo, direban tasi a Quilpué,
ɗansa kwana goma sha ɗaya a duniya.
Ta ce gwiwoyinta sun gaji da matakala.

Ban san me zan ce masa ba.
Na dai biya kasuwa,
na zaɓi tumatir biyar,
waɗanda suka fi laushi.