Gurbi Talatin da Shida

Kafin a kawo ragar nan
ni ne Salmanu mai fasa kofi.
Duk ƙarshen wata Anti Serwa
sai ta zabge sidi ashirin a albashina.
Ga tabo a babban yatsa, shi ne shaida:
gilashi ba ya jin ban-haƙuri.

Ran wata Laraba aka sauke ta daga motar Ankara,
shuɗiyar roba, gurbi shida sau shida.
Na kife kofuna ɗai-ɗai,
kowa da ɗakinsa, ba mai gogar wani.
Na ɗauka, na hau matakala,
ko ƙis ban ji ba.

Yanzu ruwan zafi ke ratsa su tare,
su tsane da kansu, baki a ƙasa.
In an tashi aiki, raga kan raga,
hawa biyar a bayan kicin ɗinmu na Adum.

Sha ɗaya na dare nake fita.
A Kejetiya na kutsa cikin turoturo,
gwiwar wani a haƙarƙarina,
kwandon kifin wata a cinyata.
Aboabo, ɗaki ɗaya, mu bakwai,
minsharin Zakari a kunnena,
diddigen Mujitaba a wuyana.
Mu ma karo muke yi, muna tsagewa,
sai dai ba a jin ƙara.

Kofi talatin da biyar suka rage mana.
Gurbin kusurwa ba kowa.
Da safe, kafin in kunna famfo,
nakan zura yatsu biyu a ciki,
in auna faɗinsa.