Faifan Likita Arzika

Ran da Likita Arzika ya kawo garmahonsa gyara,
naɗe cikin tsohon zanen gado a bayan Basfa,
zafin Sakkwato ya kusa narkar da dalmata
tun ban kai ta ga wuta ba.
Ya ce, "Jabbi, bel ɗin ya saki, nemo mai wani.
Wanga faifai kuma riƙe shi, da shi za ka gwada."

Bel bai iso daga Kano ba sai bayan mako bakwai.
A mako na biyar muka kai likita makwanci.

Na ɗaura shi wata Laraba bayan isha'i,
Marina ta yi tsit, sai janaretan mai shayi.
Na hure allura, na sauke ta a hankali.

Fiyano ya fara shigowa,
ɗis, ɗis, kamar indararo bayan ruwa ya ɗauke.
Ƙaramin goge ya biyo shi da siririyar murya,
ya tambayi wani abu, ya sake tambaya.
Sai babban goge ya amsa daga can ƙasa,
muryar dattijon da ya daɗe yana saurare
kafin ya ce uffan.

Na jira mawaƙi, bai zo ba.
Na jira 'yan amshi, na jira kirari,
na jira a ambaci sunan wani mai kuɗi.
Babu. Su ukun nan ne kawai,
kamar duwatsun murhu:
janye ɗaya, tukunya ta kife.

Daren farko na ce hayaniya ce mai ladabi.
Dare na huɗu na gane gardama suke yi.
Fiyano ya kawo zance, goge ya karɓe ya murɗa shi,
babban ya ce a'a, ba haka aka yi ba,
su rabu, kowa ya kama hanyarsa,
can kuma su haɗu
yadda gulbin Rima ke tarar da ɗan'uwansa
ba tare da sallama ba.

A bangon faifan akwai hoton Turawa uku,
maza biyu da mace, duk cikin baƙi,
da rubutun da ban iya karantawa.
Amma a kusurwa, da fensir, cikin ajami,
hannun likita ya ce:
"Gefe na biyu. Jira numfashin."

Na juya. Na jira.
Wurin da kiɗan ya lafa kamar zai mutu,
kafin babban goge ya ɗauka,
wani ya ja numfashi.
Mutum ne. Hanci ne da ƙirji.
Ya shaƙi iskar wani ɗaki mai sanyi
a shekarar da ban sani ba,
ga shi yana sauke ta a shagona,
tsakanin matattun rediyo da ƙamshin dalma.

Kulu ta leƙo da kwanon fura,
ta ce, "Mi kaka saurare haka kamar mai karɓar gaisuwa?"
Na ce zauna.
Ta zauna bakin benci, ba ta gama ba ta tashi,
amma washegari na ji ta a madafa
tana bin ƙaramin gogen da hanci.

Akwai tabo kusa da ƙarshe
inda allura ke tsalle, ta haɗiye taki biyu.
Na iya gyaran abubuwa da yawa. Wannan na bar shi.
Wataƙila hannunsa ne ya yi rawa wata rana.

Jiya 'yarsa Lubabatu ta aiko yaro:
in an gama, a kawo kayan Baba, nawa ne kuɗin?
Na ce a gaya mata babu kuɗi,
amma aikin da saura,
ta ƙara mini kwana uku.

Ƙarya na yi, Allah ya yafe.
Yanzu ma wuta ta dawo.
Bari in juya gefe na biyu.