Waya a Ƙarƙashin Hula

Shekara ashirin da biyu ina ja wa masaƙar Kakuri waya.
Na san warin fis in ya ƙone,
na san tsatsa tun ba ta nuna fuska ba.
Yau ni ne bangon da aka huda.

Sirara biyu, ba su kai tsinken tsintsiya ba,
sun nutse can ƙasan tunani.
Batirin na kwance ƙarƙashin ƙashin wuya
kamar kwalin ashana.

Ranar da aka kunna,
hannun da ya shekara bakwai yana kaɗa gangar da ba mai ji
ya yi tsit.
Na ɗaga kofin shayi cike. Ko ɗigo.
Talatu ta juya baya, wai ƙwaro ne ya faɗa mata ido.

Bana, da damina ta yi nisa,
cokali ya koma ƙwanƙwasa bakin kwano.
Likita Dije ta dubi allonta, ta ce tabo ne,
ƙwaƙwalwa na naɗe baƙo
yadda itace ke haɗiye ƙusa.
Na ce, mu tsatsa muke ce mata.
Ta ƙara wuta, leɓena ya ɗau zir-zir. Ta rage.
Muka yi ta ciniki kamar a Kasuwar Bacci
har hannu ya sallama.

Na dawo ta kan gada, kogi ya cika,
keke na jijjiga kowa.
Ni kaɗai na san
wace rawa ce ta hanya,
wacce ce tawa.