Ƙofar Kakana a Kumasi

Na sauka Kejetiya ana kiran la'asar,
kasuwa ta haɗiye ni kamar lomar fufu, ba tauna.
Masawudu, ɗan ƙanen innata da ban taɓa gani ba,
ya shaida ni daga yadda na ƙanƙame jaka.
Ya ce, saki jiki, nan ma gida ne.
Hausarsu ta sha ruwan kurmi ta yi laushi,
ba ta ware mace da namiji:
Hajiya ya zo, yarinya ya tafi,
ni ma kafin magariba na zama shi.

Da safe ya tambaye ni ko zan ci wace.
Na ce, wace ce?
Memunatu mai tukunya ta yi dariya har ludayi ya faɗi.
Ashe wakenmu ne da shinkafa
ya yi tafiya, ya bar wutsiyar sunansa a hanya,
karan dafi ya rina shi ja.
Ta zuba a ganye, ta ɗora taliya, gari, ganda, ƙwai ɗaya,
sai baƙin yaji, shito,
wanda ke sallama a hankali kamar baƙon kirki
sannan ya karɓe gidan.

Mun ga ganuwar Turawa da igwoyinta masu tsatsa,
bakinsu a buɗe, ba abin faɗa.
Mun ga ɗawisu a Manhiya yana jan riga
kamar shi ya gaji kujerar.
Mun ga takobin da aka ce ƙasa ta riƙe ta hana.
Ban taɓa ba. Ni da ƙusa ma ke gagarata.

Amma ba su na zo gani ba.

Kakana ya yi fataucin goro shekara goma sha tara,
ya koma Rano da tari da labari guda:
wata ƙofa a Alabar, kanta kamar kofaton doki,
ba irin bakan gizonmu ba.
Wani magini ne, in ji shi, daga Tumbutu,
da ya ce hannun malaminsa daga Fas ya fito,
na malamin malaminsa kuwa daga hayin teku.
Mukan ce tsoho ya fara.

Lungu uku muka ɓata,
muna tsallake kwata da tabarmar masu ɗaurin huhu.
Ga ta nan.
An shafe ta da fenti rawaya,
an rataya allon mai gyaran waya a wuyanta,
amma ƙugunta na nan a tsuke, kafaɗa a buɗe,
ga sauran zanen taurari masu kai takwas
suna leƙowa inda fentin ya ɓare.
Yaron shagon ya ɗago: caji ko gilashi?
Na ce, a'a, ƙofar.
Ya dube ta kamar yau aka kawo ta.

Na ɗora tafin hannu inda kafaɗar mai kaya za ta goga.
Wurin ya yi santsi.
Ban ce tasa ce ba, fatake dubu sun wuce nan,
amma na daɗe ban ɗauke hannun ba.

Da dare jemagu suka tashi, sama ta yi baƙi,
Afiya Pokuwa ta soya mana kelewele a bakin titi,
agada da citta, zaƙi da faɗa a takarda ɗaya.
Sidi biyar. Ta ƙara min gyaɗa don ni baƙuwa ce.

Gobe torotoro zai kai ni tasha.
Kafin nan akwai koko mai kanumfari da ƙosai,
wanda a nan da sunanmu ake kiransa.
Na sayi goro ƙwarya guda, fari da ja,
zan raba a Rano in ce musu:
tsohon nan bai ƙara ko ƙwayar gishiri ba.